Kekena na zamewa in na taka da ƙarhi, mi ke damun shi?

Ɗan Bagalam: Salamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah masu sanin keke ku taimake ni. Kekena Phoenix ne irin mai ƙaton kariya a baya, da shi nike kai burodi ƙauyukan hanyar Madarunfa da sahe. To in na ɗora kaya na taka da ƙarhi, musamman wajen hawowa daga gulbi zuwa cikin gari, sai feda ta zame min fyat, jiya saura kaɗan in dangwara haɓa bisa kan keken gaban mutane. Ga kuma wata ƙara ƙwas ƙwas da ke hitowa daga ƙasa. Satin da ya wuce na sa sarƙa sabuwa dal ina cewa ita ce, wallahi sai abin ya ƙaru. Ribar burodin duk ta ƙare wajen gyara, mi kuke gani?

Kabu-kabu Zariya: Wa alaikumus salam. Ka zuba mai kawai abokina, baƙin mai na mota, ka jiƙa ta sosai ƙarar za ta ɗauke

Autan Mokoyo: Saida shi ka cika kuɗɗi ka sayi babur mana, wa ke wahalar keke a zamanin ga 😂

Ɗan Bagalam: Auta in ka ba ni cikon yau ma sai in saida. Isansin kuma kai za ka riƙa sa min ko?

Baba Mai Gyara: Ɗana, kar ka zuba komi tukuna, kar kuma ka bari kowa ya sa ma keken ga kile. Cuta biyu ka hwaɗi cikin magana ɗaya, zamewa dabam ƙara dabam, kuma ba lalle tushensu guda ba. Ga abin da nike so ka yi kahin mu ci gaba. Ka hau keken ba kaya, wuri shiru ba bisa gudoro inda motoci ke wucewa ba, ka taka sannu kana saurare. Ka hwaɗa min abu uku. Ƙarar nan tana tahiya tare da ƙahwarka, wato duk zagaye ɗaya ƙwas ɗaya, ko ta hi ƙahwarka sauri, ko kuwa sai ka yi zagaye biyu uku sannan ta zo? Na biyu in ka bar takawa keken na gangarawa da kanshi tana nan ko ta ɗauke? Na uku wace ƙahwa ce ke ƙasa lokacin da ta yi ƙwas ɗin.

Kabu-kabu Zariya: Baba ai wannan tambayoyi sai ka ce asibiti

Baba Mai Gyara: To mi ya raba su? Kai wanda ka ce a zuba mai, in ƙarar daga feda take, man sarƙa mi zai yi mata?

Mushe Tibiri: Maganar Baba akwai lissafi a cikinta, bari in ƙara don masu son sanin dalili. Irin wannan keken farantin gaba yawanci haƙora 44 ne ko 46, na baya kuma wajen 18 ko 20. Ka ɗauki 44 da 18, duk zagaye ɗaya na feda tayar baya na juyawa kusan sau biyu da rabi. Ke nan in ƙarar ta fi ƙafarka sauri, daga taya take ko firiwil, wato farantin haƙoran baya, ko wayar taya ta saki. Ita kuma sarƙa gaɓoɓinta sun haura ɗari, wajen 112 haka, ka raba da 44, sai ka yi zagaye biyu da rabi kafin gaɓa ɗaya ta dawo inda ta taso. To in akwai gaɓar da ta ƙage, ƙararta za ta riƙa zuwa a hankali fiye da ƙafarka, kuma ba a wuri ɗaya ƙafar za ta kasance ba duk lokacin da ta zo. In kuwa daidai take da ƙafa, ƙwas ɗaya zagaye ɗaya, ka bar zargin sarƙa da taya gaba ɗaya, abin na tsakanin feda da hannun feda da boris na tsakiya, wato ƴan ƙwallayen ƙarfe da ƙarfen tsakiya ke juyawa a kansu.

Autan Mokoyo: Mushe ya kawo mu lakkwal kuma, a fiddo alli

Ɗan Bagalam: Baba na gwada yanzu bayan la'asar a filin bayan gidanmu. Ƙarar tare take da ƙahwata, duk sanda ta hagu ta sauka ƙasa sai ƙwas, in na bar takawa shiru kake ji. Zamewar kuma ba ta yi ba ko sau ɗaya da ba kaya, sai da na sa ƙanena ya hau baya na miƙe tsaye bisa feda sannan ta yi.

Baba Mai Gyara: Madalla, yanzu munka samu bakin zare. Mu hwara da ƙarar. Ka jingine keken ga bango, ka kama hannun fedar hagu, ba fedar ba hannun da take jiki, ka ja shi wajenka ka tura shi wajen keke. In ka ji duka hannuwan biyu na motsi tare, na dama ma na girgiza da farantin, boris na tsakiya ne sunka saki ko sunka cinye. In ba su motsa ba, ka daidaita fedojin su kwanta, ɗaya gaba ɗaya baya, ka hau ka danna duka biyu da nauyinka, sannan ka juya rabin zagaye ka sake dannawa. In ka ji hannun hagu ya ɗan gota shi kaɗai ya yi ƙwas, kotafin ne. Wannan ƙusar mai gehe ɗaya a goge wadda ke riƙe hannun feda da ƙarhen tsakiya, mai ɗan noti a ƙarshe. In duk biyun lahiya lau, sai ka kama fedar kanta ka girgiza.

Ɗan Bagalam: Na biyun ne Baba!! Da na danna na juya na sake dannawa sai da ya yi ƙwas ɗin nan sak. In ɗaure notin ke nan?

Baba Mai Gyara: A'a kar ka yi. Nan ne kowa ke ɓata kotafin. Ɗan notin nan ba shi ke jawo ƙusar ciki ba, aikinshi ya hana ta hita kawai, in ka matsa mishi da kile zaren ne zai tsinke ko ya murje. Ƙusar bugo ta ake daga kai, kuma ba a bugu sai an tokare hannun fedar daga ƙasa da guntun bututun ƙarhe da ya kai har ƙasa, don nauyin guduma ya sauka cikin bututun. Wanda ya buga babu tokari, bugun kai tsaye cikin boris yake zuwa, ya yi ma kofin da boris ɗin ke zaune ciki ƴan ramu, bayan wata ɗaya ka dawo da sabuwar ƙara. Kuma tunda ta daɗe tana wasa, in ka hiddo ta za ka ga tsagi a gehen da ke goge, irin wannan ba ta sake zama, sabuwa za ka sa. Ka tahi da tsohuwar kasuwa don kaurinsu ba ɗaya ba ne, akwai mai milimeta 9 akwai mai 9 da rabi, da ido ba ka rabe su. Abu na ƙarshe, in an sa ta hagu kai na kallon sama, ta dama kanta ya kalli ƙasa, in ba haka ba fedojin ba za su miƙe layi ɗaya ba.

Maman Ƴan Biyu: Salamu alaikum, ku yi haƙuri in shigo da tawa tunda Baba na kusa. Keken ɗiyana na zuwa lakkwal irin na gwanjo ne mai giya, kullum ya dawo hannu baƙi ƙirin da rigar lakkwal duk mai wai sarƙa ta faɗi, ni na gaji da wanki wallahi

Baba Mai Gyara: Hajiya barka da zuwa, a bari mu gama da mai burodi sai mu zo kanki, kar zaren ya sarƙe.

Ɗana, zamewa kuma. Tsohuwar sarƙar da ka cire tana nan ko ka yar?

Ɗan Bagalam: Tana nan, ƙanena ya ɗauka wai zai yi ma akuya mari da ita

Mushe Tibiri: Karɓo ta ka auna kafin akuya ta samu. Kowace gaɓar sarƙar keke rabin inci ce daga ƙusa zuwa ƙusa, milimeta 12.7, ko na Sin ne ko na Indiya ko Shimano duk haka suke. Ka rataye ta a ƙusa ta miƙe, ka sa ma'auni a tsakiyar ƙusar sarƙar ɗaya ka ƙirga gaɓa 24, sabuwa za ta faɗa daidai kan inci 12, wato santimeta 30 da rabi. In ta wuce da milimeta ɗaya da rabi lokacin canji ya yi. In ta wuce da milimeta 3 to ta riga ta ci haƙoran baya, sarƙa kaɗai ba za ta wadatar ba. Mutane na cewa sarƙa ta miƙe, alhali ƙarfen bai ƙara tsawo ba, ƙusoshin ciki ne suka goge kowace ta samu ɗan wasa, in ka haɗa wasan gaɓa ɗari sai ya zama abin gani.

Tela Sabon Gari: Tef ɗina na ɗinki zai yi? Gefe ɗaya inci ne gefe ɗaya santimeta

Baba Mai Gyara: Tef ɗin tela da shi kanshi ya miƙe tun bara, shi za a auna milimeta ɗaya da rabi da shi? Mushe ni ban ƙi lissahinka ba amma tun kahin a haihi rabin mutanen gurup ɗin ga nike gyaran keke ban taɓa sa ma sarƙa ma'auni ba. Ka kama ta da yatsa biyu a gaban farantin gaba, daidai inda ta naɗe shi, ka ja ta waje. Sabuwa ba ta tasowa. In ta taso har ka hango haske tsakaninta da haƙori, ta gama aiki.

Mushe Tibiri: Baba Allah shi ƙara girma, dabararku na aiki amma tana da rauni ɗaya, in farantin ne ya cinye ko sabuwar sarƙa ka ja za ta taso, sai a ɗora wa sarƙa laifin da ba nata ba. Ma'aunin ƙarfe irin na masu walda ba ya ƙarya.

Baba Mai Gyara: Wanda bai iya gane cinyayyen faranti da ido ba ai bai kamata ya riƙe kile ba tun hwarko

Autan Mokoyo: Yau ake yin ta, Mushe da Baba 🔥🔥 ni dai ina gefe da gyaɗata

Ɗan Bagalam: Na karɓo regil na ƙarhe wajen mai walda na unguwarmu. Tsohuwar ta wuce da abin da ya hi milimeta 3, ta kusa 4 ma. Sabuwar daidai take.

Baba Mai Gyara: To ka ji. Tsohuwar sarƙa da tsohon firiwil tare sunka cinye juna, shi ya sa suke zaune lahiya duk da lalacewarsu. Ka kawo sabuwa mai gaɓoɓi daidai ka ɗora bisa haƙoran da sunka buɗe, ba ta zama cikin ramun, in ka danna da ƙarhi sai ta hau kan haƙori ta tsallake. Ka goge firiwil ɗin da tsumma ka duba da kyau, lahiyayyen haƙori gehensa biyu iri ɗaya ne kanshi a daƙile, cinyayye kuwa ya yi tsini ya lanƙwasa gehe guda kamar bakin shaho. Ɗauko hoto ka turo.

Amma kahin ka kashe kuɗɗi akwai abu biyu da ke kawo zamewa su ma, a tabbatar ba su ba ne. Ɗaya sakin sarƙa. A keke marar giya in ka danna ta da yatsa a tsakiya, kada ta yi sama da ƙasa hiye da santimeta ɗaya zuwa ɗaya da rabi, in ta hi haka a sassauta notocin tayar baya a ja ta baya da ƴan ƙarahunan nan biyu masu jan taya, a ja su daidai kar taya ta karkace. Ka juya feda kana dubawa wuri wuri don faranti ba ya rasa ɗan gurguntaka, wani wuri ta matse wani wuri ta saki, a inda ta hi matsewa ake daidaitawa. Na biyu cikin firiwil ɗin kanshi, akwai ƴan harsuna masu sifirin da ke kamawa in ka taka, su ne ke yin tik tik tik in kana gangara. In datti ya danne su ba su tashi su kama ba, feda sai ta zagaya a banza. Bambancin shi ne tsallaken sarƙa gajere ne da ƙara ƙaras sai ta kama nan take, na harsunan kuwa ƙahwa ce ke tahiya sululu rabin zagaye ba ƙara, kuma ya hi yawa da sanyin sahe lokacin hunturu in tsohon giris ya daskare.

Ɗan Bagalam: Nawa mai ƙaras ɗin ne. Ga hoton nan na turo, haƙoran wallahi har yatsa suke kamawa

Baba Mai Gyara: Gani ya kori ji. Firiwil ya mutu, canza shi. Farantin gaba da nike hangowa a hoton da sauran rai, shi haƙoranshi da yawa ba ya saurin ci.

Kabu-kabu Zariya: To ni dai har yanzu ina kan bakana, da yana zuba baƙin mai tun farko da sarƙar ba ta cinye haka ba. Mu da shi muke amfani a babur kuma ba abin da ya same mu

Ɗalibi Ɗan Dikko: Yaya kabu-kabu ai a garin nan jiƙa sarƙa da mai shi ne ke kashe ta. Ka dubi hanyoyin unguwanni duk rairayi ne, da ka sauka daga gudoro shi ke nan, man da ke waje yana kwasar yashi ya shigar da shi cikin gaɓoɓi yana niƙa ƙusoshin. Shi baƙin mai ma da ƙurar ƙarfen inji a cikinsa tun kafin ya zo. Ni abin da nike yi in wanke ta da kananzir ko gazuwal da tsohon buroshin haƙori, in bari ta bushe, in ɗiga man keken ɗinki ko sabon man inji ɗigo ɗigo kan kowace gaɓa, in juya feda baya na ɗan lokaci sannan in goge wajen tas da tsumma. A ciki ake son mai ba a waje ba.

Kabu-kabu Zariya: Ɗigo ɗigo gaɓa ɗari da wani abu? Kai ɗan jami'a kana da lokaci, mu muna neman na tuwo

Baba Mai Gyara: Yaron ga ya yi gaskiya. Amma in ba ka da komi sai baƙin mai, ya hi a bar ta a bushe tana kuka, ka sa kaɗan ka goge. Ni abin da ke ba ni haushi masu cire murhin sarƙa su yar wai yana ƙara ko wai keken ya yi kama da na tsohi. Murhin nan shi ke tsare ta daga yashi, keken da ke da shi sarƙarshi na daɗewa nesa ba kusa ba.

Hajiya, yanzu naki. Ta ina take hwaɗuwa, gaba wajen feda ko baya wajen taya?

Maman Ƴan Biyu: Na tambaye shi Baba, ya ce baya, tana shigewa tsakanin haƙora da wayoyin taya in ya sa giyar hawa. Kuma wai tun ranar da keken ya faɗi a filin lakkwal abin ya fara

Ɗalibi Ɗan Dikko: Baba ku ba ni wannan in gwada. Mama wace gefe ya faɗi, in ta dama ne gefen sarƙa to kusan tabbas ɗan ƙarfen da abin canza giya ke rataye jikinsa ne ya lanƙwashe ciki. Ki sa a riƙe keken a tsaye ki tsuguna daga baya ki duba, ƴan ƙananan tayoyi biyu da sarƙa ke bi ta cikinsu ya kamata su sauko a miƙe ƙarƙashin haƙoran, in kin ga na ƙasa ya karkata wajen taya shi ne. Kuma don Allah kar ya ƙara sa giyar hawa sai an gyara, in abin ya shige cikin wayoyi yana tafiya zai karye ya tsinke wayoyi ya kuma iya kada shi.

Baba Mai Gyara: Haka ne. Kuma Hajiya ki ja kunnen duk wanda za ki kai ma, akwai ƴan sukurori biyu a jiki ɗaya an rubuta H ɗaya L, su ke tsaida iyakar inda abin zai kai, L ke hana shi wucewa cikin taya. Yara masu koyon gyara da sun gani sai su hau murɗa su, su ɓata abin da ke daidai. A miƙe ƙarhen tukuna, a hankali don irin na alminiyom karyewa yake in an matsa, sannan a taɓa L in da buƙata. In bayan haka giya na jinkirin shiga ko tana caccaka a tsakiya, wannan wayar giya ce ta saki ko yashi ya cika bututunta, ba ruwan sukurori.

Maman Ƴan Biyu: Na duba, ya karkata kam har ni da ban san komi ba na gani. Allah shi saka da alheri, Allah shi ba ɗalibi sa'ar jarabawa

Ɗan Bagalam: Ƴan uwa na dawo daga kasuwa, na samu firiwil da kotafin. Firiwil iri biyu anka nuna min, wani mai araha wani ya hi shi da kusan rabi, na tuna araha ba ta ado na ɗauki mai tsadar. Na sa mai 20 maimakon 18 ɗin da ke jiki saboda hawan gulbi. An ɗaura, ƙanena ya hau baya na miƙe bisa feda har ƙarshen layi ba zamewa ba ƙwas. Sai dai fedar hagu ita ma na ga tana ɗan wasa na so in cire ta ta ƙi, mun taru mu biyu bisa kile ko motsi.

Mushe Tibiri: Ku dakata kar ku murje ta! Fedar hagu zarenta a juye yake, in kuna juyawa yadda aka saba kwance noti ƙara ɗaure ta kuke. Kile mai lamba 15, ka tsaya gefen hagun keken ka juya yadda hannun agogo ke tafiya. Hanya mai sauƙin riƙewa, ko wace feda ce in kile na tsaye sama, wajen tayar baya ake tura shi a kwance ta.

Baba Mai Gyara: Ka ɗiga mata kananzir a zaren ta kwana tukuna. In za ka maida ka shahwa giris, ka hwara ɗaurawa da hannu kar da kile. Kuma kotafin ɗin nan sabo, bayan ka yi kwana biyu kana hawa ka koma a ƙara bugo shi da tokari a ɗan matse notin, yana ƙara zama in ya ji nauyi.

Kabu-kabu Zariya: Mai 20 ɗin nan ba zai rage maka gudu bisa gudoro ba?

Ɗan Bagalam: Zai rage kaɗan, amma da burodi cike da kariya gudun mi nike. Hajiya in ba ki samu mai miƙe ƙarhen nan ba ki turo yaron ranar Juma'a bayan masallaci, zan raka shi wajen Baba tunda ni ma zan koma bugun kotafin.